Jakar Da Ta Ƙuje Ba Ta Mutu Ba

Na san wani zai ɗaga gira ya ce, duk matsalolin da suka yi wa ɗalibi katutu, ga kuɗin makaranta ga na haya ga na mota, an rasa abin da za a ɓata takarda a kai sai jakar hannu ta mata? Ka yi haƙuri mai karatu, ka biyo ni zuwa ƙarshe. Ra'ayina a taƙaice shi ne, jakar fata da ta ƙuje ba ta mutu ba, kuma yawancin jakunkunan da muke jefarwa ba ƙujewar ce ta kashe su ba, maganin da muka yi musu ne. Bayan wannan akwai wata hasarar da ta fi ta kuɗi, wadda ta shafe mu kai tsaye a matsayinmu na masu nazarin harshe.

Abin Da Ya Jawo Maganar

A hutun da ya wuce na ari jakar yayata don zuwa bikin wata ƙawata. Jaka ce 'yar Italiya, ruwan ƙasa, mai laushi kamar kunnen jariri, tana cikin kayan lefenta, kuma ba ta fito da ita sai da dalili. Sai da na yi kwana biyu ina lallashi kafin ta ba ni. A hanyar dawowa, garin sauka daga keke mai ƙafa uku, kusurwar jakar ta gogi ƙarfe, wurin ya yi fari tas kamar an shafa alli. Cikina ya ɗuri ruwa. Ina isa gida na shige ɗaki na dangwalo man shafawa na mulka a wurin. Farin ya ɓace, na yi ajiyar zuciya. Da gari ya waye sai ga wani baƙin tabo da ya ninka ƙujewar faɗi sau uku. Garin neman gira na rasa ido.

Da Yaya ta gani ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ta yi, ta ce, "Ai shi ke nan, ki riƙe ta, na bar miki." Mahaifiyarmu ce ta ce kafin a yanke ƙauna a kai wa wani tsohon baduku da ke zaune a bakin kasuwa. Ya juya jakar ya shinshina, ya ɗiga ruwa a ƙasanta ya tsaya yana kallo, sannan ya ce, "'Yata, me kika shafa mata?" Na ce, "Baba, mai ne kawai." Ya yi murmushi ya ce, "Da kin kawo ta jiya da ƙujewarta, da kafin ki zauna na gama. Yanzu ba ƙujewa zan yi wa magani ba, aikinki zan warware." Kwana biyar jakar ta yi a wurinsa. Ya bi tabon da gari yana tsotse man sannu a hankali, ya haɗa launi ya shafe kusurwar. Tabon bai ɓace ɗungurungum ba, amma sai an nuna maka za ka gane. Ladan da ya karɓa bai kai kuɗin turmin atamfa mai araha ba.

San Fatar Kafin Ka Taɓa Ta

Darasin farko da na ɗauka shi ne, kalmar "fata" ɗaya ce a baki, amma a hannu iri-iri ce. Akwai fatar da aka rina kawai aka bar ƙofofin gashinta a buɗe. Ita ce ta fi laushi da kyau, ita ce kuma ta fi saurin shan ruwa da mai da gumi. Irin ta Yaya ke nan. Akwai wadda aka bi samanta da fenti da wani siririn rufi mai kare ta, irin fatar Saffiano da aka san kamfanin Prada da ita, mai zane gicciye. Wannan tana jure wahala, amma idan rufin ya karce, asalin launin da ke ƙasa yakan fito fili. Akwai mai gashi-gashi kamar karammiski, akwai kuma mai ƙyalli kamar madubi. Har a kamfani ɗaya ma akan sami bambanci: jakar Chanel ta fatar ɗan rago ko farce yakan yi mata tabo, amma wadda suke yi da fatar maraƙi mai ƙurji-ƙurji ta fi ta ƙarko nesa ba kusa ba.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, jikin shahararriyar jakar nan ta Louis Vuitton mai haruffa da furanni ba fata ba ne, yadi ne mai kauri da aka yi wa rufi. Hannuwa da bakin jakar ne fata, kuma fatar saniya ce da ba a yi wa rufi ba, shi ya sa take fara tas tana sabuwa, sannan ta riƙa yin ruwan zuma da tsufa. Ɗigon ruwan sama ma yakan bar mata shaida. Ka ga ke nan jaka ɗaya tana iya buƙatar kulawa iri biyu.

Gwajin da baduku ya yi kowa zai iya yin sa. A ɗiga ruwa kaɗan a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Idan fatar ta shanye shi wurin ya yi duhu, to a buɗe take, a yi hattara da ita. Idan ruwan ya tsaya cirko-cirko a sama, tana da rufi. Haka nan duk wani mai ko launi da za a shafa, a fara gwada shi a irin wannan lungu, a bar shi ya kwana.

Sai kuma a tabbatar jakar fata ce tun farko. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a kasuwanninmu da manyan sunaye a goshi, roba ce aka shimfiɗa a kan yadi. Irin wannan idan ta fara ɗayewa babu man da zai tsayar da ita, domin ba ta da abin da za ta sha man da shi. Kama da wane ba ta wane.

Rigakafi Ya Fi Magani

Idan muka lura, wurare ƙalilan ne ke fara lalacewa a jikin jaka: kusurwoyi huɗu na ƙasa, da hannuwa, da bakin zik, da gefen da ke gogar jiki. Kusurwa tana ƙujewa ne saboda ajiye jaka a kan siminti, ko a ƙarƙashin bencin aji, ko cusa ta tsakanin ƙafafu a cikin bas. Maganin wannan bai wuce ɗora ta a cinya ba. Hannuwa kuma man shafawa da gumi da turare ne ke baƙanta su. Shi ya sa ɗaura ɗan kwali ƙarami a hannun jaka ba ado ne kaɗai ba, kariya ce. Mu da muke son lalle da humra da turaren fesawa, mu bari su bushe kafin mu ɗauki jaka. Haka ma sinadarin tsaftace hannu da ya zama ruwan dare tun annobar korona ta 2020, akwai sifirit a cikinsa, kuma sifirit yana cinye launin fata. Jaka mai haske kuwa ba ta shiri da sabon wandon jins ko baƙar abaya mai zuba, domin rini yana tashi daga tufa ya zauna a fata, fitar da shi kuma jan aiki ne.

Cika jaka da kaya ma cuta ce. Littafi, da caja, da gorar ruwa, da takalmin canji, duk a jaka ɗaya, dole fata ta miƙe, kusurwa ta turo, ɗinki ya saki. Biro da jan baki da makullai kuma a ba su ƙaramar jaka tasu a ciki.

Wajen ajiya, ƙasarmu tana da maƙiya biyu. A Arewa hunturu ne, iskarsa tana busar da fata har ta tsattsage kamar diddigen da bai ga mai ba. A nan Kudu kuwa laima ce, ka ajiye jaka wata biyu da damina ka tarar hunhuna ta yi mata fari. Saboda haka kada a ɗaure jaka a leda, domin leda tana tsare danshi. A sa ta a jakar yadin da ta zo da ita, in babu, tsohuwar rigar matashi ta auduga ta wadatar. A cusa mata farar takarda ko tsumma mai tsabta don ta riƙe siffarta, amma ban da jarida, tawadarta tana zuba. A tsayar da ita a kan kanta, kada a rataye ta a ƙusa, nauyinta zai miƙar da hannun. A riƙa fito da ita tana shan iska a inuwa. Idan ruwan sama ya doke ta, a tsane ta da tsumma a bar ta ta bushe da kanta. Rana da na'urar busar da gashi suna ƙanƙance fata su busar da ita ƙayau.

Idan Mai Aukuwa Ta Auku

A nan ne Hausa ta yi mana gata, domin tana da kalma ga kowane mataki na ɓarna, kuma sanin kalmar rabin magani ne. Jaka tana iya gogewa, wato ƙyallin sama ne kawai ya dusashe. Tana iya ƙujewa, wato launi ya tashi fari ya fito. Tana iya karcewa, wani abu mai tsini ya ja mata layi. Tana iya salewa, wani ɓangare na saman ya ɗago. Tana iya koɗewa saboda rana, ko ta tsage, ko ta yage. Wanda ya haɗa waɗannan duka ya kira su "ta lalace", magani ɗaya zai yi musu, kuma a nan ake yin gyaran gangar Auzinawa.

Idan gogewa ce ko ƙaramar karcewa, a fara share ƙura da busasshen tsumma mai laushi. Sau da yawa murza wurin a hankali da tsabtataccen yatsa ya isa, domin ɗumin hannu yana motsa man da ke cikin fatar ya rufe layin. In bai yi ba, a ɗan taɓa man da aka yi musamman don fata, a tsumma ba a jikin jaka ba, a shafa a kewaye, a bari ya sha, sannan a goge. Kaɗan ake sawa. Ƙarawa tana da sauƙi, ragewa ce wuya, ni shaida ce.

Idan ƙujewa ce har launi ya tashi, mai kaɗai ba zai mayar da shi ba, sai man fata mai launi wanda ya dace da na jakar. A shafa siriri, a bari ya bushe, a sake, har wurin ya saje. Idan salewa ce kuma ɓallin bai fita ba, kada a cire shi, masu gyara suna da gam mai laushi da suke mayar da shi. Fata mai gashi-gashi ba a sa mata mai ko kaɗan, buroshi mai laushi da farar robar goge fensir ne maganinta. Mai ƙyalli kuwa tsumma mai ɗan danshi ya ishe ta, sai dai idan rini ya shige ƙarƙashin ƙyallin, da wuya ya fita. Idan mai ne ya zuba, a barbaɗa hoda ko garin sitaci a bar shi ya kwana ya tsotse, kada a murza.

Abubuwan da za a nisanta kuwa su ne waɗanda hannu ya fi saurin kaiwa gare su: man shafawa, da man gyaɗa, da man zaitun, da ruwan goge jan farce, da sifirit, da sabulun wanki, da jiƙaƙƙen tsumman goge jarirai, da gam mai kamawa nan take. Man takalmi ma ba na jaka ba ne, domin takalmi ba ya gogar farar riga, jaka kuwa tana yi. Idan kuma yagewa ce, ko ɗinki ya saki, ko fentin gefen hannu ya farfashe, ko tawada ta zuba, to a ɗauke hannu a nemi masu sana'a.

Su Wane Ne Masu Sana'ar?

A nan ne nake da ja da mutanenmu. Da yawa suna ganin jakar da ta fito daga Faransa ko Italiya ta fi ƙarfin baduku, kamar dai fata baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Alhali ko kamfanin Hermès, da aka kafa a Paris a 1837, da ɗinkin kayan doki ya fara, wato aikin da dukawanmu suka gada kaka da kakanni. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Bature mai yawon bincike Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya ba da labarin takalma da jemammun fatu da ake fitarwa daga birnin har zuwa Tarabulus. Har gobe akwai majema a Ƙofar Wambai, akwai unguwar Dukawa, akwai masu sayar da kayan fata a Kasuwar Kurmi, akwai masu aikin fata a Naraguta ta Jos, akwai kuma cibiyar nazarin kimiyyar fata a Samarun Zariya. Masana'antun jima na Kano kuma suna fitar da fatun awaki da tumaki zuwa ƙasashe irin su Italiya da Sifaniya. Muna sayar da fata da araha, mu sayo jaka da tsada, in ta ƙuje kuma mu jefar mu sake sayowa. Wannan wane irin ciniki ne?

Ba zan ɓoye gaskiyar masu ja da ni ba. Jimar gargajiya da bagaruwa ake yin ta, mafi yawan fatun zamani kuwa da sinadarin kurom ake jeme su, sannan a bi su da fenti da rufi na masana'anta. Majemi yana shafa wa fata man gyaɗa a lokacin jima kuma daidai ne, amma man gyaɗan nan a kan jakar da aka riga aka gama tabo ne. Saboda haka ba kowane baduku ne ya san fatar zamani ba, kuma wasu manyan kamfanoni sukan ƙi karɓar gyaran jakar da wani hannu ya riga ya taɓa. Wadda take da jakar miliyoyi da halin mayar da ita inda aka yi ta, ta mayar. Amma mu nawa ne ke da wannan hali? Abin da ya kamata shi ne a zaɓi mai gyara kamar yadda ake zaɓen tela: a ga aikin da ya yi a baya, a tambaye shi abin da zai shafa, a ce ya gwada a lungu. Na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya. Idan kuma muka riƙa kai musu aiki, za su koyi kayan zamani, kamar yadda masu ɗinkin jaka da takalma na kasuwar Ariaria a Aba suka koya. Sana'ar da ba a kai wa aiki ita ce ke mutuwa.

Akwai kuma masu ganin jakar da aka gyara abin kunya ce. Ga labari ɗaya. A watan Yulin 2025 an yi gwanjon ainihin jakar farko da Hermès ya yi wa 'yar wasa kuma mawaƙiya Jane Birkin, wadda aka sa wa samfurin sunanta. Jakar ta sha jiki, da ƙujewarta da tabonta, amma aka saye ta a Paris a kan kuɗi sama da Yuro miliyan 8. Ban kawo wannan don in yaba wa irin wannan kashe kuɗi ba. Na kawo shi ne don a ga cewa waɗanda suka ƙirƙiro kayan ba sa ƙyamar alamar tsufa a jikin fata. Mu ne 'yan karo muke jin kunyarta.

Rabonmu Mu Ɗaliban Harshe

Kwanakin da na yi ina zirga-zirga wurin tsohon nan, na ji kalmomin da ban taɓa ji a aji ba. Ya ambaci kirgi, da karan dafi da ake jan rini da shi, da kuloko na baƙi, da gangamau na rawaya. Ya lissafo mini jakunkunan da Bahaushe yake da su tun kafin a san Gucci: gafaka ta littafi, da burgami, da taiki, da zabira, da alabe na zuba kuɗi, da salka ta ruwa, da tandu na mai ko kwalli. Da na dawo makaranta na tambayi 'yan ajinmu, waɗanda suka san fiye da uku ba su da yawa, ni ma kafin ranar ina cikin marasa sani. Wasu daga cikin kalmomin nan suna kwance a ƙamusun Bargery na 1934, amma kalmar da ta rage a ƙamus kaɗai ta kama hanyar kushewa. Kalma tana rayuwa ne a bakin mai aiki da ita. Ranar da baduku na ƙarshe a unguwa ya naɗe buzunsa, ba shi kaɗai zai tafi ba.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu laluben batun kundin kammala karatu, da mu leƙa wannan fage. A je Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko duk inda dukawa suke zaune a kusa da mu, a zauna da su, a tattara sunayen kayan aiki da matakan jima da na ɗinki. A kuma yi tunanin yadda za a sa wa sababbin kayan gyaran fata sunayen Hausa, domin a yanzu duk bayanin da ke jikin kwalabensu da Turanci yake, kuma rashin fahimtarsa yana cikin abin da ke sa a yi irin ɓarnar da na yi.

Kammalawa

Ban ce kowa ya je ya sayi jaka mai tsada ba. Ɗalibar da ta ci bashi don ta rataya suna a kafaɗa ta ɗora wa kanta wahala, daidai ruwa daidai tsaki. Abin da nake cewa shi ne, duk abin da ya shigo hannunka, na lefe ne ko na gwanjo, ɗan Milan ne ko ɗan Kurmi, ka san irinsa, ka kiyaye shi, in ya sami rauni ka tsaya ka gane raunin kafin ka kai hannu, in ya fi ƙarfinka ka kai wa masu shi. Jakar Yaya dai ta koma hannun mai ita, domin da ta ga gyaran sai ta manta da kyautar da ta yi mini. Ni kuma na tashi da darasi da kalmomi goma sha wani abu, kuma ban ga na yi faɗuwa ba. Allah Ya sa mu gyara.